Motocin Da Suka Fito Da Mu Daga Gida: Daga Lorin Katako Zuwa Fijo 504

 

Yau so nake mu taɓa tarihin wani abu da kowannenmu ya hau, amma ba kasafai ake zama a rubuta labarinsa ba, wato tsofaffin motoci. In ka cire kakanninmu da suka biyo hanyar fatake a ƙasa, da waɗanda suka shigo jirgin ƙasa daga Kano, sauranmu duk mota ce ta sauke mu a nan, wani a kan buhunan wake, wani a tsakanin ƙahonin shanu, wani kuma da ya ɗan samu hali a gidan gaba kusa da direba. To waɗannan motoci suna ƙarewa a gaban idonmu. 'Yan gwangwan suna bi gida-gida da gareji-gareji suna saye, a sare da gatari, a ɗora a sikeli, a loda a tirela zuwa wurin narka ƙarfe. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ce, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne. Amma ya kamata kafin ta ƙarshe ta hau sikeli mu san abin da muke sayarwa.

Ni mutumin Hardawa ne ta ƙasar Misau, kuma kamar kowane ɗan yankinmu, Azare ce birnin da na fara buɗe ido da shi. Saboda haka daga can zan ɗauko zaren, na san na Gumel da na Daura da na Illela duk za su ga garinsu a ciki.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, jirgin ƙasa bai taɓa biyowa ta wajenmu ba. Dogo ya iso Kano a 1911, aka ja shi zuwa Nguru a 1930, sannan bayan samun 'yancin kai aka yi na Barno, ya shiga Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya tuƙe a Maiduguri a 1964. In ka duba taswira za ka ga ƙasar Katagum da Misau da Jama'are sun zauna a tsakiya, dogo ya wuce ta arewa ya wuce ta kudu ya bar mu. Azare kuwa, wadda aka mayar da fadar Sarkin Katagum cikinta a 1916, gari ne na kasuwa, ƙasar gyaɗa da auduga da fata da dabbobi. Kaya ga su, jirgi babu. Da farko jakuna da takarkarai da raƙuma ne suka ɗauki nauyin, daga baya lori ta karɓe su. Don haka abin da jirgi ya zame wa mutanen Zariya da Gusau da Nguru, shi mota ta zame mana.

Gyaɗa ce ta biya kuɗin yawancin lorin farko. Bayan da aka kafa hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa a 1954, wakilan da ke da lasisin saye su ne ke tara gyaɗa a ƙauyuka lokacin kaka, kuma dole a kai ta bakin dogo, inda ake jera buhuna a yi dalar gyaɗar nan ta Kano da muke gani a hotuna. Mai lori ya kai gyaɗa, ya juyo da gishiri da kananzir da atamfa da goro da kwanon rufi. Wannan zuwa da dawowa shi ya buɗe wa ƙananan garuruwa irin namu ido, shi ya fara ɗauke samari zuwa cirani, daga cirani kuma wasu suka zarce Kurmi ba su koma ba sai da furfura.

Ita lorin wancan zamani, irin su Bedford da Austin da Morris na Ingila, inji da ƙashin ƙarfe kawai ake kawowa ko a haɗa a Legas, bodin kuwa kafintoci ne ke yin sa da katako. A jera benci a baya, a rufa tamfol, a yi fenti kore ko shuɗi, a sa mai rubutu ya zana wata magana a goshi ko a ƙeya, yawanci addu'a ko karin magana a kan haƙuri da mahassada. Mu yara ba ma sanin mota da lamba, da rubutun goshinta da kukan injinta muke gane ta. Tun tana nesa da gari, kafin ƙura ta bayyana, za ka ji yaro ya ce ga wance nan, kuma da wuya ya kuskure.

Hanya kuwa burji ce, mai gargada da rani, mai santsi da damina. A zamanin En'e har shinge ake sawa a tare manyan motoci bayan an yi ruwa mai ƙarfi, sai hanya ta sha iska a buɗe, don kada su kwaɓe ta. Tafiyar da yau ake yi tsakanin azahar da la'asar, a da sai a yi guzuri, a yi sallama da iyali, a nemi gafara.

Kuma mota ɗaya mutane da yawa take ciyarwa. Akwai mai mota, wanda sau da yawa bai iya tuƙi ba. Akwai direba, wanda a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne a gari, domin shi ya ga Kano ya ga Jos ya ga Ikko, shi ake ba saƙon wasiƙa da kuɗi da magani, kuma ba a rubuta rasit. Akwai ɗan kamasho a tasha. Sai kuma karen mota, wanda shi ne ya fi kowa shan wuya: shi ke juya handul a tayar da inji da asuba, shi ke ɗebo ruwa a zuba a lagireto, shi ke dirowa da gudu a kan tudu ya cusa weji a ƙarƙashin taya don kada mota ta koma da baya, shi ke kwana a ƙarƙashinta yana gadi. Shekaru yake yi a haka kafin maigida ya yarda ya taɓa sitiyari. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da waƙar karen mota ya fara yin suna, kuma ba banza ba, domin ya taɓo rayuwar dubban samarin Arewa. Da yawa daga cikin manyan alhazan sufuri da muka sani a zangunan Kurmi daga weji suka fara.

Bayan lori, motar da ta fi zama a ƙwaƙwalwar ɗan ƙauye ita ce Landiroba, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Ita ce motar hukuma. In ta shigo gari to da magana: ko Di'o ne, ko malamin gona, ko masu allurar rigakafi, ko 'yan doka. Yara sukan bi ta da gudu, wani lokaci kuma su gudu daga gare ta, ya danganta da abin da ta ɗauko. Amma ranar da ta zo da majigi, ranar babu mai cin tuwo a nutse. A kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da inji bayan isha'i, gari duka ya fito. A jikin wannan ƙyalle da yawanmu muka fara ganin teku da jirgin sama da Sardauna yana magana.

Shekarun 1970 su suka juya komai. Ran 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, don ta daidaita da maƙwabtanta Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomey, wadda yau ake kira Benin. Wannan rana tana da amfani ga mai neman sanin shekarun tsohuwar mota: in ka tarar da ita a wani kango da sitiyari a dama, to akwai alamar ta riga 1972 shigowa. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya cinikin da ya haifi lorin katako, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa kamar ruwa. Sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata har da bashin watannin baya a farkon 1975. Malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, waɗanda iyakarsu keke Raleigh ko babur, suka fara leƙa shagon mota.

Gwamnati kuma ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci. Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas duk sun fara aiki a 1975. Aka yi Leyland a Ibadan, aka yi ta manyan motocin Fiat a Kano, aka yi ta Marsandi a Inugu, mu kuma Jihar Bauchi, wadda aka ƙirƙiro a 1976, rabonmu ya faɗo a kan Steyr ta ƙasar Ostiriya, mai haɗa taraktoci da manyan motoci a garin Bauchi. Duk wanda ya tashi a yankinmu a shekarun 1980 ya san taraktar Steyr, ko ta ƙaramar hukuma ko ta wani mai hali, da yadda ake layin haya in damina ta kawo kai.

Amma sarauniyar zamanin Fijo ce, ba ta da kishiya. Faransa ta fito da 404 a 1960, ta fito da 504 a 1968, kuma dukansu sun ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, 404 har sau huɗu a shekarun 1960, 504 kuma a 1975. Wannan gasa a kan burji da laka da duwatsu ake yin ta, wato irin hanyarmu. Sirrin Fijo ba boyayye ba ne: cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, tayoyin baya ke tura ta, injinta kuma babu kwamfuta babu wani ɓoye-ɓoye. Kafireta ce da filogi da fanbel, bakanike zai kwance ta a gindin bishiya da safe ya ɗaure kafin magariba. A-kori-kura, wato 404 mai buɗaɗɗen baya, ita ta gaji jaki a kasuwannin ƙauye: hatsi, awaki, amarya da kayan ɗakinta, mara lafiya zuwa asibitin Azare, gawa zuwa garinsu, babu abin da ba ta ɗauka ba. Ita kuwa 504 doguwa mai layin kujeru uku, ita ce ta riƙe hanyar Kano zuwa Legas da ta Kano zuwa Maiduguri shekara da shekaru. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mayar da Fijo motar manyan jami'ai a maimakon Marsandi, sai ya zamana gwamna da direban tasha iri ɗaya suke hawa, bambancin kawai tuta da kwandishan.

'Yan uwanmu na Nijar su ma suna da nasu labarin. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar Fijo a Faransa, su keto Sahara da ita ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi. Wasu daga cikin waɗannan motoci sun gangaro har Maraɗi da Damagaram.

Kada in manta da Bosuwaja, wadda Yarbawa ke kira ijapa, wato kunkuru. Injinta a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto balle ta nemi ruwa. Ita ce motar farko ta ƙananan ma'aikata da yawa. A garinmu yara kan taru a kalli mai ita ya buɗe gaba, a ga babu inji sai taya da kaya, a yi ta mamaki. Sai kuma roka, wato Marsandi 911 mai gajeren hanci, wadda ku mazauna Kurmi kun fi kowa saninta, domin ita ta yi dakon shanu zuwa kudu da goro zuwa arewa, kuma a kan ƙashinta aka gina yawancin molue na Legas.

Faɗuwar ta fara ne da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da aka karya darajar naira. Masana'antun nan dama haɗawa suke yi, yawancin kayan daga waje ake kawowa, da kuɗin waje ya yi tsada sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Kasuwa ta koma hannun gwanjo, abin da ake kira tokumbo a nan, mu kuma mu ce 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam. Masana'antun suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Kaduna ta daure tana haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta, sannan ita ma ta tsaya. A tasha kuma Hayis da Golf da Sharon suka ture Fijo, kamar yadda ita ma ta ture lorin katako. Haka duniya take, kowa da zamaninsa.

To yanzu ina suke? A wasu ƙasashe tsohuwar mota dukiya ce mai daraja. A Ingila motar da ta shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, kuma duk shekara a watan Nuwamba ana jerin gwanon motocin da aka ƙera kafin 1905 daga Landan zuwa Brighton. A Jamus in ta kai shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta, lamba ta musamman ake ba ta. Kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi a garin Sochaux inda ya jera motocinsa tun na farko. A Kyuba takunkumin Amurka ne ya tilasta musu riƙon motocin shekarun 1950, yau kuma baƙi na biyan kuɗi don a zaga da su a ciki. A nan gida, wadda kowa ya sani ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976, tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Ina roƙon duk wanda ke zaune a Legas bai taɓa zuwa ba, ya ɗauki yaransa wata rana ya kai su. Amma wannan motar shugaba ce. Motar talaka, wadda ta kai gyaɗa ta kawo gishiri, ita ce ba ta da mai ajiye ta.

Na san wani zai ce, Malam, ana fama da abin da za a ci, kai kana maganar adana tsohon ƙarfe. Maganarsa tana kan hanya, kuma ban ce mai neman na cefane ya ajiye mota yana kallo ba. Da masu hali nake, kuma Alhamdu lillahi akwai su a cikinmu, waɗanda kuɗin da za su samu a wurin ɗan gwangwan bai kai na taya biyu na motar da suke hawa ba. Kuma mu ba baƙin adana kayan tarihi ba ne. Gidajen sarauta suna riƙe da takubba da sulke da tambura na ɗaruruwan shekaru, gidajen malamai suna riƙe da littattafan kakanni a gafaka. Abin da ya sa ba mu ɗauki mota a wannan sahu ba shi ne muna ganin ta jiya-jiya ce. Alhali 404 ɗin da aka saya da kuɗin Udoji yau ta kai shekara 50.

A wurin rabon gado aka fi asarar su. Maigida ya rasu, mota tana jingine a zaure ko a bayan gida shekara goma, magada su ga babu yadda za a raba ta sai an mayar da ita kuɗi, sai a kira mai sikeli. Hanyar kauce wa wannan mai sauƙi ce, kuma ba ta saɓa wa shari'a ba: a yi mata kuɗi, ɗaya daga cikin magada mai hali ya biya, a zuba kuɗin cikin gado kowa ya ɗauki rabonsa, mota ta zauna a gida.

Wanda kuma ya yi niyyar riƙewa, ga 'yar shawara. Kada ka ajiye ta a Legas in kana da yadda za ka yi, iskar teku da damshi suna cin ƙarfe kamar gara. Busasshiyar iskar gida ta fi mata, muddin an yi mata rumfa an kare ta daga rana da ruwan sama. A ɗora ta a kan katako don tayoyi su huta, a cire batir, a riƙa tayar da inji lokaci-lokaci, a kula da ɓeraye domin wayoyi da kujeru suke fara ci. Kayan Fijo har yanzu ana dacewa da su in an bincika a Ladipo ta Legas, ko Gate ta Ibadan, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, sai dai kullum raguwa suke yi, haka ma tsofaffin bakanikan da suka san kafireta. Kada a canza mata inji da na Japan, kada a sauya fenti zuwa wani launi na zamani, domin darajarta tana cikin zamanta yadda take. A adana takardunta da tsohuwar lambarta, ko da BA ce ko KN ko KD, domin su ne shaidar haihuwarta.

Wanda ba shi da mota kuwa yana da abin da ya fi mota saurin ɓacewa, wato tsofaffin direbobi. A kowane zango akwai dattijon da ya yi karen mota a zamanin fam da sule, ya yi tuƙi ranar da aka koma hannun dama, ya san kowace gada tsakanin Jebba da Azare. Yau kowa da waya a aljihu. A zauna da shi bayan la'asar, a tambaye shi motar da ya fara tuƙawa, ta wane ne, nawa ne kuɗin mota daga garinsu zuwa Kano, kwana nawa ake yi zuwa Ikko, me aka rubuta a goshinta. A ɗauki muryarsa, a ɗauki hoton tsohon lasisinsa da duk wani hoto da ya ajiye a ƙasan akwati. In kun je gida da sallah, ku leƙa kangwaye da bayan tsofaffin gareji, abin da kuka gani ku ɗauki hotonsa ku tambayi labarinsa. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, wata rana za su tambayi yadda aka yi muka zo, kuma ya kamata a samu abin da za a nuna musu.

Allah Ya jiƙan direbobinmu da yaran motarsu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rasu a kan gado da waɗanda hanya ta ci. Mu kuma da muke kai da kawowa tsakanin Kurmi da gida, Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa mu gama lafiya.